Ga Wanda Ya Zo Cin Rani Tsufa Ya Riske Shi a Kaduna

Da yawa daga dattawan Tudun Wada, Kawo, Unguwar Shanu da Rigasa ba su zo Kaduna da niyyar tsufa a cikinta ba. Tun da Turawa suka maido da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da aikin gwamnati da masaƙu suka riƙa jawo Kanawa, Nufawa, Barebari, Yarabawa da mutanen Nijar. Daga 2009 sai ga waɗanda Boko Haram ta koro daga Borno da Yobe, daga baya kuma na Birnin Gwari da Zamfara da 'yan bindiga suka tasa. Kowa ya zo da cewa in ya ɗan samu, ko in ƙura ta lafa, zai koma.

Wannan "zan koma" ita ce ke cin mutum. Ɗauki mai gadin da ya zo daga Tawa ta Nijar, ya yi shekara talatin yana kwana a ɗakin bakin ƙofa a Unguwar Rimi. Duk abin da ya samu gida yake aikawa, a sayi dabba, a ɗora ɗaki. Ranar da gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, mai gida zai nemi yaro mai jini a jika, ɗakin kuma ya bi aikin. Babu fansho, babu garatuti. In ya tattara ya koma, sa'o'insa sun kwanta dama, ƙanne sun raba gona, maganin hawan jini sai an yi tafiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yan da ya haifa a nan kuwa ko da wasa ba za su bi shi ba, don su 'yan Kaduna ne.

Baba, tun da sauran ƙarfi ka tara iyalinka a yanke magana: nan za a ƙare ko can? In nan ne, dukiyarka ta tsaya a nan. Ɗaki biyu naka a Hayin Banki ko Rigachikun sun fi maka gida guda a ƙauyen da sai da salla kake ganinsa. Kada kuma ka tsaya ga takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa kawai, ka bi ta hukumar KADGIS a yi wa filin rajista da sunanka.

Takardun shaida ma haka. Ka yi lambar NIN. In ɗan Nijar ne kai, ka tuna ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada ka bar takardunka su mutu a aljihu. Batun lafiya, 'ya'ya su tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA, su kuma riƙa kai tsoho awon jini da suga a asibitin Yusuf Ɗantsoho ko Barau Dikko kafin ciwo ya kayar da shi. Yanar ido ana cire ta a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan garin. Abin takaici ne a bar dattijo cikin duhu a ce tsufa ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne kaɗaici, kuma iyayenmu mata ya fi kamawa. Namiji yana da masallaci da majalisa. Gyatumar da aka ɗauko daga Gwoza ko Bama aka ajiye a ɗakin haya, Hausarta ba ta nuna ba, wa take hira da shi? Ku sa ta Islamiyyar matan unguwa, ku kai ta suna da biki, ku nemo mata masu jin yarenta. Wannan ba gata ba ne kawai: in mantuwar tsufa ta kama mutum, sau da yawa harshen da ya koya daga baya shi ke fara zubewa, ya koma wanda ya tashi da shi. A samu ko jika ɗaya da zai iya amsa mata.

Sai maganar da ba a son yi. A rubuta, gaban shaidu biyu, abin da aka mallaka a nan da can, da bashin da kake bi da wanda ake binka, da sunayen mata da 'ya'ya na kowane ɓangare. Sau tari rigimar gadon baƙo daga nan take tashi, ranar sadakar uku, sa'ad da iyalin Kaduna da na gida suka fara ganin juna.