Manhaja Ma Sai An Ɗora Ta a Sikeli

Sau uku cikin wata guda matasa masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi suka zo mini da magana ɗaya: wai tun da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, aikin wata ya koma na kwana uku. Na ƙarshensu ɗalibi ne da ya haɗa manhajar yi wa manoman shinkafa rajista. Na tambaye shi minti nawa ake ɗauka kafin a gama da manomi ɗaya. Ya ce, "Malam, ai tana da sauri sosai." Na sake tambaya, minti nawa? Ya yi shiru.

Wannan amsa ta ishe ni. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, ba a ba masunci kyauta don ya rantse cewa giwan ruwansa ya fi na kowa. Daga kogin Matan Fada sai sikeli, a gaban idon jama'a. Mai sayen shanshera ma ba ya biyan kuɗin buhu sai ya auna. To me ya sa mu da muke kiran kanmu injiniyoyi muke son a yarda da mu da fatar baki?

Batun saurin nan an gwada shi. A watan Yulin 2025 wata cibiyar bincike a Amurka mai suna METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararru 16 a kan ayyuka 246, cikin manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu. Ƙuri'a ce ta raba ayyukan, wasu a yi da ƙirƙirarriyar basira, wasu babu ita. Da aka kammala, ƙwararrun suka ce ta ƙara musu sauri da kimanin kashi 20 cikin 100. Agogo kuwa ya nuna lokacin aikin ya ƙaru ne da kashi 19 cikin 100. Gwajin ƙarami ne, kayan aikin kuma na farkon 2025 ne, saboda haka ban ce a watsar da su ba. Abin lura shi ne mutanen da suka san aikinsu sun kasa kimanta saurin hannunsu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sana'a ido yakan yi kuskure ƙwarai.

Haka masu alfahari da yawan layukan manhaja da suka rubuta. A 1982 shugabanni a kamfanin Apple suka buƙaci kowa ya riƙa cike takarda da yawan layukan da ya rubuta a mako. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Bill Atkinson, ya gyara wani sashe, ya yi sauri fiye da da, layukansa kuma suka ragu da kusan 2,000, sai ya rubuta -2000 a takardar. Duk inda aka mai da yawan layi ma'auni, tarin shara za a samu.

Na ɗauki ɗalibin nan muka tafi Argungu, bakin fadama. Muka ba wani wakilin manoma manhajar a ƙaramar wayarsa mai fasasshen gilashi. Hasken rana ya hana shi ganin rubutun. Manhajar ta nemi ranar haihuwa, manomin ya ce shi dai ya san an haife shi shekarar da aka yi babbar ambaliya, ta ƙi wucewa gaba. Da aka zo tura hoto sabis ya ɗauke, duk abin da aka cike ya goge. Kafin nan wani dattijo mai littafi da biro ya riga ya gama da mutum biyu. Dalilin a fili yake: yaron bai taɓa gwada ta ba sai a wayarsa, a ɗakinsa, da intanet mai ƙarfi.

Abin yi ba shi da wuya. Tun 1984 Victor Basili da David Weiss suka tsara hanyar: fara da manufa, ka fitar da tambaya daga cikinta, sannan ka zaɓi abin aunawa. Idan manufarka rage wa manomi jira ce, ka fara auna tsohuwar hanyar littafi da agogon wayarka, domin wanda bai san inda ya taso ba ba zai san nisan da ya yi ba. Ka maimaita awon aƙalla sau goma, ka jera sakamakon, ka ɗauki na tsakiya. Ka ƙirga sau nawa aikin ya lalace. Ka rubuta rana, wuri da irin wayar. In za ka yi gyara, ka canja abu ɗaya tak, ka sake aunawa.

Gargaɗin da nake nanatawa shi ne, kada ka auna a wayarka. Kada ka auna a ofis. Kada kai da kanka ka riƙe wayar, domin yatsanka ya san inda ramukan suke, yana kauce musu ba tare da ka sani ba. Miƙa wa wanda zai yi aiki da ita, ka kama bakinka, ka rubuta abin da ka gani.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Akwai malamai da ke karɓar aikin kammala karatu don ɗalibi ya raba wa abokan ajinsa takarda sun ce sun gamsu. Akwai ofisoshin da ke biyan ɗan kwangila bayan ya nuna manhaja a majigi cikin ɗakin taro mai sanyi, babu wanda ya tambayi yadda za ta yi a ƙauye da damina. Kuɗin jama'a ne ke tafiya a haka, manomi kuma ya wuni a layi.

Ɗalibin ya koma ya sa manhajar ta riƙa adana bayani a waya har sabis ya dawo, ya ba da damar rubuta kimanin shekaru. Mako biyu bayan haka ya dawo mini da littafi cike da ranaku da mintoci. Wannan karon da na tambaye shi minti nawa, shafi ya buɗe mini.