Dalmar Harsashi da Yaran Gidan Maharbi

A Malanville, bakin gadar da ta haɗa Benin da Gaya ta Nijar, mataccen batir yana da masu nema. Masunci yana son dalmar cikinsa don ya ɗaura wa birgi nauyi. Maharbi kuma yana so ya narka ta ya zuba harsashin bindigar toka, tunda na kanti ya yi tsada. Aikin ba shi da wuya: tsohon gwangwani, gawayi, ɗan ludayin ƙarfe. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, abin da murhun girki ma yake kaiwa. Wannan sauƙin ne ya kawo aikin tsakar gida, inda yara suke rarrafe, kuma daga nan matsalar take farawa.

Zuba harsashi da hannu ba abin ƙauye kaɗai ba ne. A Amurka da Turai akwai masu gasar harbin bara da suke zuba nasu don ƙananan bindigogi irin su .22 Hornet, wadda nauyin harsashinta yake wajen giram 3. Sukan gauraya dalmar da kuza da wani ƙarfe mai ƙara mata tauri, su auna kowane harsashi a sikeli, su mayar da wanda nauyinsa ya kauce cikin tukunya. Mutane ne masu tsumulmular dalma, har ta jikin ƙafar mota suna tsinta. Duk da haka, sun daɗe suna gargaɗin junansu kada a taɓa ta batir. Dalilinsu shi ne farantan batir suna ɗauke da wasu sinadarai, kuma dattin da yake tasowa saman narkakkiyar dalmar, idan ya sha laima, yana iya fitar da iska mai kisa. Abin da su suke gudu, shi ne abin da ya fi samuwa a hannun maharbinmu.

Yawancin masu wannan aiki ƙuna suke tsoro, kuma suna da gaskiya. Ɗigon ruwa ɗaya da ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take, ya watso ta a fuska. Amma ƙuna ana ganinta, ana yi mata magani. Ƙurar ce ba a gani. Tokar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kwashewa daga saman gwangwani a zubar gefen murhu, ita iska take bazawa, ita take manne wa riga da farce, ita yaro yake kaiwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba yake zuƙa, kuma babu wani adadi nata a jini da za a ce ba shi da illa.

Ƙasar Hausa ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu. Abin da ya fi kama da namu kuwa shi ne na Thiaroye, gefen Dakar a Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da aka daɗe ana fasa batir. A duka wuraren biyu, an shigo da sana'ar cikin gida ne.

Akwai kuma hanya ta biyu, wato tukunyar miya. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan jarirai a Allada, kudancin Benin, ya sami kashi 58 cikin 100 na yaran da dalma a jininsu fiye da ma'aunin da ya kamata a tashi tsaye a kansa, kuma cin naman dajin da aka harba da dalma yana cikin abubuwan da aka danganta da hakan. Harsashi idan ya bugi ƙashi yana farfashewa, ɓarɓashin da haƙori ba zai ji ba ya bazu cikin tsoka. Wuta ba ta kashe shi. Miya mai tsami, irin ta yakuwa ko tsamiya, tana ma ƙara narkar da shi.

To me ya kamata maharbi ya yi? Na farko, ya raba aikin da gidansa gaba ɗaya. A yi shi a fili, bayan gari, iska tana tafiya da hayaƙin nesa da mai aiki, ba yaro, ba mace mai ciki ko mai shayarwa a kusa. Kada a hura wutar da zugazugi har gwangwanin ya yi ja, domin da zafi ya wuce abin da ake bukata, dalmar takan fara tashi cikin hayaƙi. Kowane guntu a tabbatar ya bushe kafin ya shiga. Gwangwanin da ludayin kada su sake kusantar madafa. Tokar a tara ta cikin abin ƙarfe mai murfi, kada a zuba ta a juji, balle a kogin Kwara da masunta suke ci daga cikinsa. Ba cin goro, ba shan taba sai an wanke hannu da sabulu. Rigar aiki a cire ta kafin a ɗauki yaro, a wanke ta daban.

Gidan da aka riga aka yi shekaru ana narka dalma a cikinsa, tsintsiya ba za ta gyara shi ba, tayar da ƙurar za ta yi. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa. Haka ya dace a yi wa gefen murhun, a yayyafa ruwa tukuna.

Wajen nama, a yanke kewayen raunin kamar faɗin tafin hannu a yar, kada a ba kare ko kaji. Ƙananan tsuntsayen da suka sha harsashi da yawa, gara manya su ci, a hana yara da masu ciki.

Yaron da ya cika kuka, ya daina cin abinci, yana amai ko ciwon ciki, ko ya fara jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, kada a tsaya cewa iska ce. Nono da manja ba sa karya wannan guba. A kai shi asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa ana narka dalma a gidan, domin alamomin suna kama da na maleriya, kuma gwajin jini ne kawai yake rarrabewa. Akwai maganin da yake fitar da ita daga jini, da shi likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ceci dubban yara a Zamfara, amma ba ya amfani idan yaron ya koma kan ƙasar da ta ba shi cutar.

Sarkin Baka da Sarkin Ruwa suna da ta cewa a nan. Su ne za su iya ware wuri ɗaya a bayan gari, su hana fasa batir a cikin unguwa, su kuma tuna wa mabiyansu cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta sa ƙera makami da harsashi ƙarƙashin izinin hukuma, musamman a yanki irin na Alibori, inda Malanville take, da tsaro ya taɓarɓare.