Alkunya da Barkwanci: Rabon Aikin Tarbiyya a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A shekarun 1960, Diana Baumrind ta nazarci ƙananan yara da iyayensu a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kasa salon tarbiyya gida uku: iyaye masu tsanani zalla, da masu sakin linzami, da waɗanda suke haɗa doka da jan yaro a jika. A 1983 Maccoby da Martin suka ƙara rukuni na huɗu, wato iyayen da suka yi watsi da lamarin ɗansu. Ma'aunin ya ginu ne a kan abu biyu: yawan kusanci da yawan kwaɓa. Wannan maƙala tana ganin cewa idan aka ɗora shi a kan gidan Bahaushe kamar yadda yake, zai ba da sakamako na ƙarya, domin yana neman abubuwan biyu a wurin mutum ɗaya, alhali Bahaushe ya raba su ga mutane daban-daban.

2.0 Uwar da ba ta kiran suna

A al'ada, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Takan ce "yaron nan", ko ta yi masa laƙabi. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in kuma an yi faɗa da shi ba ta shigar masa. Uba ma haka. Mary Smith ta kawo bayanin wannan alkunya daga bakin Baba ta Karo a littafin da aka buga a 1954, Kirk-Greene kuma ya lissafa kunya cikin siffofin mutumin kirki a 1974. Manazarcin da ya shigo da takardar tambayoyi yana ƙirga sau nawa uwa ta rungumi ɗanta, zai jefa wannan mata cikin rukuni na huɗu. Kuskure ne babba. Ita dai tana nuna wa surukanta da dangi cewa ba ta mallake ɗan ita kaɗai ba, kuma wannan janyewa tata ce take buɗe wa wasu ƙofa.

3.0 Kaka da jika

Wadda take fara shiga ta wannan ƙofa ita ce kaka. Sau da yawa a ɗakinta aka haifi ɗan fari, saboda al'adar goyon ciki, kuma wurinta ake kai shi yaye idan ya kusa shekara biyu. Tana kiran jikanta namiji "maigidana", mace kuma "kishiyata". Jikan yana iya ce mata ta tsufa ta ƙi mutuwa, ta rama da cewa shi miji ne da ba ya cefane, kowa ya yi dariya. Maganar da za ta jawo wa yaro bulala in ya faɗa wa uwarsa, a nan tukuici take jawo masa.

Radcliffe-Brown ya nuna tun a 1940 cewa dangantakar kunya da ta wasa tare suke tafiya a al'ummomi da dama. Abin da bayanin nasa bai tsaya a kai ba shi ne amfanin wasan ga harshen yaro. A gaban kaka ne yaro yake koyon mayar da magana, da gane habaici, da bambance zolaya da zagi. A nan yake jin tatsuniya da kacici-kacici, ya yi tambaya ba a ce ya cika surutu ba. Mafi muhimmanci, nan ne yake kai kuka. Yarinyar da ba za ta iya gaya wa uwarta abin da ya same ta a hanyar makarantar allo ba, tana iya sako shi cikin raha a gaban kakarta, tsohuwa kuma ta tsince shi, ta isar inda ya dace. Taubasai ma suna ɗaukar wani ɓangare na wannan aiki, sai dai su tsara ne, ba su da ikon tsawata wa iyaye kamar yadda kaka take da shi.

4.0 Gidan da babu tsohuwa

Matsalar tana bayyana ne a sababbin unguwannin birane irin su Kano da Kaduna da Maraɗi, inda ma'aikaci yake zaune daga shi sai matarsa da 'ya'yansu, kaka tana can ƙauye. An bar gidan gandu, amma ba kowa ne ya bar alkunya ba. Ɗan fari a irin wannan gida yana iya tashi da kwaɓar iyaye cikakkiya, ba tare da mutumin da al'ada ta tanada domin sauraronsa ba. Gaisuwar waya ba ta maye wannan gurbi, don kuwa a hannun uwa wayar take, kuma tana tsaye ake maganar.

Wasu iyayen sun zaɓi su ajiye alkunyar, suna kiran ɗan fari da sunansa, suna hira da shi, ko da dangi za su ce sun yi rashin ta-ido. Wasu kuma suna tura yara hutu wurin kakanni. Saboda haka mai binciken tarbiyya a ƙasar Hausa yana bukatar tambayar da ba ta cikin ma'aunin Baumrind: a cikin gidan nan, wa yaron yake iya yi wa wasa, kuma kwana nawa rabonsa da ganin sa?