Allurar Kwantar da Jijiyar Ciwo Bayan Dashen Ƙoda

Idan aka yi wa mutum dashen ƙoda, galibi ba a cire nasa na asali. Likita yana yanka ƙasan ciki, sau da yawa ta gefen dama, ya ajiye sabuwar ƙodar a can. Wannan yankan shi ne tushen mafi yawan raɗaɗin kwanakin farko.

Magungunan ciwon da muka saba da su ba duka suka dace da mai sabuwar ƙoda ba. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mofin kuwa ƙoda ce ke fitar da ragowarsa, don haka idan ba ta kama aiki sosai ba, sai ya taru a jiki ya kawo nauyin barci da raunin numfashi.

Shi ya sa likitan sa barci kan yi wata allura da ake kira TAP. Yana duba bangon ciki da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, sannan ya zuba maganin kashe zafi, kamar bupivacaine, tsakanin shimfiɗun naman ciki inda jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa suka ratsa. Sai wurin ya yi sanyi, mara lafiya ya iya yin tari da jan dogon numfashi, ya kuma tashi ya taka da wuri, bukatarsa ta mofin ta ragu. Allurar ba ta taɓa ƙodar, amma ba ta kai ga ciwon can cikin ciki, saboda haka ake haɗa ta da farasitamol.

Ƙarfinta yakan gushe cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka, sai dai in an bar siririn bututu ana ƙara maganin. A nan ne tausayi kan ja masu jinya su yi ɓarna: ciwo ya dawo, ɗan'uwa ya zaro ƙwayar da ya saya a kemis ko wajen mai talla a tasha. Kada ku ba shi komai, ko tramol ne ko jiƙon gargajiya. Ku kira nas.

Ku kira ta da gaggawa idan ya ce leɓɓansa sun mutu, ko yana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko kunnensa na ƙara, domin alamu ne na cewa maganin allurar ya yi yawa a jini.

Wanda aka yi wa dashe a Kano, Masar ko Indiya, kafin ya kamo hanyar gida ya nemi a rubuta masa sunayen magungunan ciwon da aka yarje masa, ya riƙa nuna takardar a duk asibitin da ya je.