Kafin Ka Canza Batir, Leƙa Bayan Shafukanka

Makon jiya wani dattijo mai shagon buga takardu ya taso tun daga Malbaza da kwamfutarsa naɗe cikin darduma. Yana zama ya ce, "Ɗana, batir ya mutu, fanka kuma sai kuka take kamar injin niƙa. Nawa za ka canza mini su?" Na ce, "Alhaji, bari mu ji ta bakinta tukuna."

Na buɗe Chrome, sai ga shafuka jere a sama, sun matsu har sunayensu ba sa karantuwa: Facebook, WhatsApp, wani karatu a YouTube, da shafin ƙwallo wanda na tabbata ba Alhaji ne ya buɗe shi ba. Na danna Maj da Échap tare. In kwamfutarka ta shigo ta Illelar Najeriya ce, Shift da Esc za ka gani a kan maɓallan. Wata ƴar taga ta fito, ta jera duk abin da ke aiki cikin burauzar da abin da kowanne ke ci na furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Wadda ta fi kowa ci wata ƴar manhajar sauke bidiyo ce da yaron shago ya maƙala wa burauzar, Alhaji bai ma san da zamanta ba. Irin waɗannan ni ƴan rakiya nake ce musu, a kan allo kuma Extensions aka rubuta.

A nan Ƙonni ba abin wasa ba ne. Furosesa in tana aiki zafi take yi, ga mu a garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska. In zafin ya kai mata, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ne za ka ga kwamfuta tana jan ƙafa. Batir kuwa, duk wanda ya yi aiki a watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ya san darajar minti talatin.

Da can Flash, manhajar da ke kunna abubuwa masu motsi a shafuka, shi ne babban ɓarawo. Talla guda mai motsi a shafin da ka bari a baya ta isa ta hana fanka hutawa. A 2015 Chrome ya fara tsayar da irin waɗannan tallace-tallace, kamfanin Adobe kuma ya yi sallama da Flash a ƙarshen Disambar 2020. Saboda haka duk shafin da ya ce maka yau sai ka saka Flash kafin ka kalli wani abu, tarko ne, rufe shi.

Masu burauza sun yi nasu ƙoƙari. Tun Maris na 2017 Chrome yake taƙaita ayyukan da shafin baya ke maimaitawa, ya tsayar da su a kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin furosesa. Daga Janairun 2021, shafin da ya yi minti 5 a ɓoye kuma shiru, sau ɗaya a minti ake tashinsa. Amma takunkumin bai hau kan kowa ba. Shafin da ke fitar da sauti ba a taɓa shi, haka wanda ake kiran murya ko na bidiyo a cikinsa. Ƴan rakiya kuma suna da nasu ɗakin daban, wasunsu ma kowane shafi ka buɗe sai sun kutsa ciki. An sha kama masu haƙar kuɗin intanet da furosesar mutane a ɓoye.

Gyaran ba ya cin ko dala. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, duk abin da ba ka san wanda ya saka shi ba, cire shi. Wanda kake bukata jefi-jefi, kashe shi sai ranar aikinsa. Sannan shiga Paramètres, ka nemi Performances, ka kunna Économiseur de mémoire, shi zai riƙa kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka leƙa ba. A burauzar Edge ma akwai irinsa. Masu Windows 7, kuma suna da yawa a shagunanmu, Chrome ɗinku ya tsaya tun Janairun 2023, ba sabon gyara da zai zo muku, don haka rufe shafi da hannu ya zame muku dole.

Kwamfutar Alhaji kuwa, mun cire ƴan rakiya huɗu, na hure ƙurar fanka, kukan ya kwanta. Batirin ya tsufa, ban ɓoye masa ba, amma zai kai shi wani lokaci. Kuɗin hure ƙura kawai ya biya.

Ƴan'uwana masu gyara daga Ƙonni har Illela, don Allah kafin ku ɗauki sukundireba ku danna maɓallan nan biyu, kuma ku nuna wa mai kaya yadda ake yi.