Allon Zamiya Mai Fikafikai Biyu: Yadda Ake Ƙera Shi da Yadda Yake Aiki a Kan Teku

Wanda ya taɓa ganin bidiyon masu wasan zamiya a kan igiyar teku zai ɗauka katako ne kawai suke hawa. Amma allon nan da ke ƙarƙashin ƙafarsu na'ura ce mai cike da lissafi, duk da ba ta da inji ko batir. Darasin yau ya shafi nau'i ɗaya da ya samu karɓuwa sosai a shekarun nan, wato allo matsakaicin tsawo mai fikafikai biyu a ƙasansa.

Mene ne matsakaicin tsawo?

Allunan zamiya sun kasu uku ta fuskar tsawo. Akwai gajere, wanda ƙwararru ke shiga gasa da shi, yawanci kusan ƙafa 6. Akwai dogo, daga ƙafa 9 zuwa sama. Na tsakiya kuwa yana farawa daga kusan ƙafa 6 da rabi zuwa ƙafa 8, wato mita 2 zuwa kusan mita 2 da rabi.

Bayan tsawo, ana auna girman jikin allo da lita. Dalili shi ne, kowace lita ɗaya da ta nutse tana tura ruwa mai nauyin kusan kilo 1, ruwan kuma ya mayar da wannan ƙarfin sama. Ke nan allo mai lita 45 ya fi mai lita 28 ɗaga mutum. Da yawan lita da kuma tsawo, mai allon zai fi saurin tuƙi da hannu, ya riga wasu kama igiyar ruwa tun kafin ta miƙe sosai.

Aikin fiffike

Allunan mutanen Hawai na asali ba su da fiffike. Tom Blake ne ya fara maƙala shi a 1935. Fiffike ƙaramin faranti ne da ke tsaye a ƙasan wutsiyar allo, kamar na jikin kifi. Idan babu shi, wutsiya za ta riƙa sulalewa gefe duk lokacin da aka so juyawa.

A tsarin fikafikai biyu, kowanne yana kusa da gefen allo, tsakiya kuma babu komai. Ɓangarensa na ciki a shafe yake, na waje kuma yana da ɗan tudu, kamar fiffiken jirgin sama da aka tsayar. Idan ruwa ya ratsa shi, sai ya haifar da ƙarfin da ke riƙe allon a jikin igiyar. Da yake babu fiffike a tsakiya da zai ja allon baya, ruwa na wucewa kai tsaye, shi ya sa wannan tsari ya yi suna wajen gudu, ko da igiyar ba ta da ƙarfi.

Taƙaitaccen tarihi

Bob Simmons ya gwada fikafikai biyu a Kalifoniya tun ƙarshen shekarun 1940. A 1967, Steve Lis na San Diyego ya fito da gajeren allo mai faɗi da tsagaggiyar wutsiya, wanda aka fi sani da Fish. Daga baya Mark Richards na Ostireliya ya gyara tsarin, ya lashe gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982.

Sai dai tsarin yana da aibi. A igiya babba mai tsayuwa, idan aka kwantar da allo sosai, fiffike ɗaya ne ke ɗaukar nauyin duka. Da ya saki ruwa, wutsiya ta zame, mai allo ya sha ƙasa. Wannan ne ya sa Simon Anderson ya ƙara na uku a tsakiya a 1980, ya kira shi Thruster, ya kuma ci gasar Bells Beach da shi a 1981. Tun daga nan fikafikai uku suka mamaye fagen gasa.

Yadda tsawo ya rage aibin

Abin da maƙeran yau suka yi shi ne ɗora fikafikai biyu a kan allo mai tsawo. Dogon gefen allo, idan ya nutse a jikin igiya, shi ma riƙo yake yi, don haka aikin bai rage wa fiffike shi kaɗai ba. Sannan da yawansu suna tsuke wutsiya ta yi tsini, saboda siririyar wutsiya ta fi shiga ruwa, ba ta saurin zamewa. Wasu kuma suna yanka kwaroro a ƙasan wutsiya don su daidaita tafiyar ruwa. Bidiyoyin Torren Martyn a kan allunan da Simon Jones ke ƙerawa a Ostireliya sun nuna cewa irin wannan allo na iya jure manyan igiyoyi.

Abubuwa huɗu da ke canza halin allo

1. Lanƙwasar ƙasa: allo daga hanci zuwa wutsiya a ɗan lanƙwashe yake kamar ayaba. Ƙaramar lanƙwasa na ba da gudu, babba na sauƙaƙa juyi amma tana rage gudu.

2. Siffar fiffike: mai faɗin gindi kuma gajere yana ba da turi da dogon juyi. Mai tsayi da siririn gindi yana ba da juyi na kusa.

3. Kusurwa: ana ɗan karkatar da gaban kowane fiffike ya fuskanci hancin allo. Idan karkatar ta yi yawa, juyi zai yi sauƙi amma ruwa zai riƙa jan allon baya.

4. Mazauni: matsar da su baya na ƙara riƙo, matsar da su gaba na sa wutsiya ta saki jiki.

Inda kwamfuta ta shigo

A da, maƙeri da hannu yake sassaƙa soson roba har ya fitar da siffa. Yanzu da yawa suna zana allo a manhaja irin su Shape3d ko AKU Shaper. Manhajar ce ke lissafa lita, sannan a tura fayil ɗin ga injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa. Bayan haka maƙeri ya goge da hannu, a lulluɓe da zaren gilashi da danƙo mai daskarewa. Amfanin a nan shi ne, idan allo ya yi kyau, ana iya sake fitar da irinsa, ko a canza abu ɗaya tak a gwada, kamar yadda mai rubuta manhaja ke sabunta ta. Kamfanoni irin su FCS da Futures kuma sun sa ana cire fiffike a sa wani da ɗan ƙaramin makulli.

Wa ya dace da shi?

Ya dace da wanda ya riga ya iya tsayuwa da juyi, yake son kama igiyoyi da yawa, musamman dogaye masu karyewa a hankali. Sabon shiga gara ya fara da dogon allo mai laushin jiki. Mai son juyin gaggawa da tsalle sama ma ba nasa ba ne, domin tsawon ba ya barin allo ya juya a ƙaramin wuri. Haka nan yawan litar na sa nutsar da shi a ƙarƙashin igiya mai tahowa ya yi wuya, kuma idan ya kuɓuce a cikin cunkoso yana iya ji wa wani rauni.

Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya fara duba nauyinsa, gwanintarsa, da irin igiyar da ke bakin tekun da zai riƙa shiga. Waɗannan ukun ne za su faɗa masa tsawo, lita da fiffiken da zai nema.