Amsar Tambaya: Cokulan Azurfa Sun Yi Baƙi

Wata mai karatu daga Zariya na neman yadda za ta dawo da ƙyallin cokulanta masu ruwan azurfa.

Salfa da ke cikin iska, ƙwai da albasa ce ke baƙanta azurfa. Sai ta shimfiɗa takardar alminiyom a roba, ta zuba ruwan zafi lita 1, dakakkiyar kanwa cokali 1 da ɗan gishiri, ta jera cokulan suna taɓa takardar. Can za ta ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin na washewa. Ta ɗauraye, ta goge da tsumma mai laushi.

Toka da soson ƙarfe kuwa ta kiyaye su, domin suna kankare ruwan azurfar har ƙarfen ciki ya fito.